Ɗan Gwaggo na Ranar Alhamis

Na yi shekaru ina zama ɗa namiji ranar Alhamis, kuma ba yabon kai ba, a duk unguwarmu ta Ammariyya a Jidda babu macen da ta kama ƙafata a wannan aiki. Sauran kwanakin mako ni tela ce, ina ɗinka wa matan unguwa abaya da rigunan biki a ɗakin mahaifiyata. Amma ranar Alhamis, da na idar da azahar, sai in ɗauki tsinken kwalli in zana gashin baki, in sa rigar yayana mai aljihu biyu, in rataya ƙaramin tawul a wuya, in lulluɓe komai da abaya da niƙabi in fita. Na sha wuce dattawa a ƙofar masallaci, kaina a sunkuye, suna matsa mini hanya. Ba su san direban bas ne ya gifta su ba.

Inda muke taruwa falon wata Hajiya ne, mutuniyar Damagaram, a saman wani tsohon bene bayan kasuwa. Girki take yi wa wasu attajirai a unguwar Ruwais, kuma su suka ba ta tsohuwar talabijin ɗinsu da suka yi sabuwa. Ƙatuwa ce mai jikin katako, sai da aka nemo 'yan dako suka hau da ita suna gumi. Mijinta ya haɗa mata da bidiyo. A lokacin an daɗe da rufe wuraren nan na tsakar gida da iyayenmu maza ke zuwa kallon fim a jikin bango, waɗanda ko suna buɗe ma ba da mu ake ba. Saboda haka muka yi namu. A toshe tagogi da barguna, a kunna fanka, a jingine kujeru a bango, mata su zube a ƙasa gwiwa na gugar gwiwa. Yawancinsu masu aikin gidaje ne da masu talla, waɗanda suka zo Hajji ko Umra suka zauna ba takarda. Ranar Alhamis da yamma kaɗai suke da ita.

Kaset-kaset sun zo sun wuce, amma guda ɗaya ne ya zauna daram. Fim ne na Indiya. Wata mata ce mai ginin tukwane, aka yi fari a ƙauyensu, mijinta ya mutu, sai ta bar ɗanta wurin wani mai kwalekwale ta tafi aikin bulo a gari mai nisa, da alkawarin za ta dawo bayan damina. Ta bar masa wata 'yar tukunya mai shatin babban yatsanta a baki, don haka take yi wa duk abin da ta gina. Mai gidan bulon, wani mugu mai tumbi da zobba, ya riƙe ta ya hana ta tafiya. Yaro ya girma ya zama direban bas, yana waƙa, yana dukan ƙattai, yana neman uwarsa gari-gari. Can kusa da ƙarshe aka ba shi labarin inda take. Ya tsayar da bas a bakin wata bukka, ya sauko, ya ɗaga ƙafa zai shiga. Daidai nan hoton zai yi rawa, sai ga filin ƙwallo.

Aikin mijin Hajiya ne. Wata rana ana wani wasa da ba ya so ya wuce shi, ya lalubi kaset ɗin da ya fi kusa da hannunsa ya danna ɗauka. Har Allah ya karɓi ransa Hajiya ba ta daina goranta masa ba.

Ni dama a tsaye nake kallo, a gefen talabijin. Ba mai jin Indiyanci a cikinmu, amma akwai rubutun Larabci a ƙasan hoton, ni kuwa haifaffiyar Jidda ce, na yi makaranta daidai gwargwado. Ina karantawa ina juyawa da Hausa, in ƙara gishiri inda na ga miyar ta yi lami. Daga fassara na fara kwaikwayon muryar direban, daga murya na koma tafiyarsa. Ba a jima ba na ɗauko farantin shayi na mai da shi sitiyari. Hajiya ta ga ba za a bar ta a baya ba, ta tura matashi cikin jallabiyar mijinta ta zama mai bulo. Duk yarinyar da ta fi rawar kai a makon ita ce budurwar direba. Su suna yi a cikin gilashi, mu muna yi a gabansa, kuma sau da yawa mu ake kallo.

Masu kallo ma suna da aikinsu, kuma sabuwar zuwa sai ta koya. In mai bulo ya fito, a yi masa ruwan ɓawon fisfis, wato 'ya'yan kankanan nan soyayyu da ake ɓarewa da haƙori, rabi ya sami gilashi rabi ya sami Hajiya. In aka zo waƙar cikin ruwan sama, wata ta tashi da abin fesa ruwan guga ta bi kan kowa. In bas zai yi kwana, duk ɗakin ya karkata gefe guda. In budurwar ta fara kuka, a haɗa baki a ce mata, “Halas, ya binti, ya isa haka 'yata, zai dawo.” Guɗa kuwa a cikin matashi ake yin ta, saboda maƙwabta, kuma saboda ba ma son wani ya hau bene ya fara tambayar iƙama, wato takardar izinin zama. In ladan ya kira la'asar a tsayar da komai, in wanke gashin bakina in yi alwala, bayan sallama in sake zanawa.

Matsalarmu ɗaya ce, ƙwallon nan. Kullum in an zo wurin sai a ja tsaki, a kashe, a watse rai a ɓace. Ran nan na ce ban yarda ba. Na rage sautin, na bar 'yan ƙwallo suna gudunsu, na ce tunda Indiyawa sun kasa ƙarasawa, mu za mu ƙarasa. Uwa kawai nake bukata. Na waiga, sai idona ya sauka kan Gwaggo mai fisfis a bakin ƙofa.

Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma haka kowa ke kiranta. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da yawan magana, tana sayar da fisfis da gyaɗa a ƙofar makarantar 'yan mata. Ranar Alhamis takan kawo mana tirenta, ta zauna kusa da takalma. Ba kallo ya kawo ta ba, ko haka ta ce. Labarinta kowa ya sani, shi ya sa ba mai tayar da shi. Daga wani ƙauye ta zo a ƙasar Haɗeja, Hajji ita da mijinta, suka bar ɗansu ɗaya wurin kakarsa, yaro ko famfara bai fara ba. Zazzaɓi ya kama mijin bayan saukowa daga Arfa, aka binne shi a Makka. Ta ce za ta ɗan zauna ta sami abin komawa. Lokacin da nake ba da labari, yaron nan ya yi aure har ya tara iyali.

Na ce, “Yalla, Gwaggo, taso ki zama uwata.”

“Ke dai ba ki da kunya,” in ji ta.

“Babu. Taso.”

Mata suka sa baki, aka ja ta aka zaunar a kan tabarma gaban talabijin. Na koma bakin ƙofa na yi sallama da muryar direba, na ce ko a taimaka wa matafiyi da ruwan sha. Wata daga baya ta ce, “Shiga, uwarka ce,” aka bushe da dariya. Na yi kamar ban ji ba. Gwaggo ta miƙo mini ruwa a kofin silba da ya lotsa a baki. Na sa babban yatsana a lotsawar, na dube shi, na dube ta, na bar shiru ya yi aikinsa. Sannan na durƙusa na ce, “Inna.”

Ta ce, “Na'am.” Ta ɗora hannu a kaina.

Haka ƙarshen fim ɗin ya zauna. Shekara da shekaru ba mu canza komai ba. Ni in nemi ruwa, ɗaki ya ce shiga uwarka ce, ni in yi kunnen ƙashi, kofi, yatsa, Inna, na'am. A yi kuka a ƙoshi, sannan a kifa bokiti a buga, a yi rawa har a kusa magariba. Gwaggo ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya a kan na'am ɗinta ba, ba ta kuma taɓa fashi ba, ko da ciwon ƙafa. Na san abin da ke kawo ta, kuma ina ba ta shi da kyau. Ina son matar nan sosai, har mahaifiyata takan ce in kwashe kayana in koma wurinta.

Sau ɗaya ta yi mini zancen ɗanta, ina auna ta zan ɗinka mata rigar salla. Ta ce duk shekara tana ba alhazan garinsu dabino da zamzam da yadi su kai masa. In wata shekarar ta zagayo, waɗanda suka zo su ce mata yana gaishe ta.

“Shi ke nan?” na tambaya.

“Shi ke nan. Irin gaisuwar da ake aika wa maƙwabciya.”

Na ce to me zai hana ta je. Ta ce in ta fita ba dawowa, wannan ta sani, kuma ba shi ne abin tsoron ba. “In na tsaya a ƙofarsa ya ce me ya sa, me zan ce? A nan dai ina da ɗa mai gaishe ni. In na je ya rufe ƙofa, ba ni da ko wannan.” Na ce ta ɗaga hannu in auna, ta ɗaga, muka bar maganar.

Sai ga wata nas ta shigo cikinmu. Daga Kano ta zo da kwangilar aiki a wani asibiti, tana da iƙama, tana zuwa gida hutu duk shekara, tana cewa “sorry” ko ƙafarta ka taka. Ranar farko ta yi dariya har da hawaye, musamman Hausata, wai ina magana kamar ina tauna dabino. Na ce mata ita kuma Larabcinta ko kyanwa ba zai kora ba. Daga baya mun zama aminai, amma a lokacin ba ta kwanta mini ba. Da muka gama ta ce ai ta taɓa ganin fim ɗin nan tana ƙarama, kuma akwai saura mai yawa bayan bukkar.

Na ce, “A nan haka yake ƙarewa.”

Ba ta ji da kyau ba. Da ta dawo daga hutu sai ga ta da kaset sabo ful a leda, tana murna ta kawo mana tsaraba. Ba ta san labarin Gwaggo ba. Ta yi watanni tana zama da mu, amma abin da kowa ya sani ba mai faɗarsa, don haka ba wanda ya faɗa mata. Ita a ganinta tsohuwa ce kawai da ta iya wasa. Mata kuwa suka rikice da son gani, har da Hajiya. Ni ma ban hana ba. Na tabbata duk abin da Indiyawa suka yi, bai kai nawa ba.

Muka yi komai yadda muka saba. Aka jefi mai bulo, aka fesa ruwa, aka karkata. Direba ya tsayar da bas, ya sauko, ya ɗaga ƙafa. Ɗakin ya buɗe baki zai ce shiga uwarka ce, sai ƙafar ta sauka, ya shiga. Ba mu taɓa ganin cikin bukkar ba. Babu kowa a ciki, sai tukwane a kife da tabarma a naɗe. Wata maƙwabciya ta shigo ta yi masa magana, rubutu ya fito a ƙasa, na karanta. Ba sai na fassara ba, don fuskar direban ta riga ni. Bayan nan ya je ya lakaɗa wa mai bulo duka, ya auri budurwarsa, aka yi waƙa a kan dutse. Ko ɓawo ɗaya ba a jefa ba. Nas ɗin tana ta duban fuskoki tana tambayar ko lafiya.

Gwaggo ta tattara tirenta. A bakin ƙofa ta tsaya tana laluben takalmi da ƙafa, ta ce mini, “Me matar nan ta ce masa?”

Na ce, “Ta ce uwar ta yi tafiya.”

“Faɗa mini yadda yake a rubuce.”

“Ta ce ta rasu da daminar da ta wuce. Ta ce kullum tana zaune a bakin ƙofa tana kallon hanya, tana jiransa.”

“Mai bulon yana riƙe da ita har lokacin?”

“A'a. Ya daɗe da sallamarta, da ta tsufa.”

“Ƙafarta lafiya?”

“Lafiya lau, Gwaggo.”

Ta ce, “To,” ta sauka.

Alhamis ta zo Gwaggo ba ta zo ba, wata ta sake zuwa shiru. Na je ƙofar makaranta na same ta tana tallarta, ta ce ƙalau take, in gaida mutan gida. Nas ɗin da ta ji labari ta yi kuka ta ce za ta fasa kaset ɗin. Hajiya ta ce a'a, ta karɓa ta jefa bayan kwaba. A kwanakin ne aka yi sanarwar afuwa: duk wanda ba shi da takarda ya miƙa kansa, a mayar da shi ƙasarsa ba ɗauri. Unguwa ta cika da zancen, wasu na ɗaure kaya, wasu na ƙara ɓuya.

Ran nan muna tsakiyar fim, da tsohon kaset ɗinmu, sai ga Gwaggo ta shigo ba tire. Ta zauna kusa da takalma kamar kullum. Da ƙwallo ta fito na rage sauti, na gyara tawul, na nufi ƙofa in yi sallamata. Ta riƙe mini hannu.

“Yau ba ke za ki shigo ba. Je ki zauna a tabarma. Gidanki ne, ni ce baƙuwa.”

Na ce, “Gwaggo, ba haka yake ba.”

“Na sani. Kuma kada ki raga mini. Ki tambaye ni abin da zai tambaya.”

Ta fita ta ja ƙofa. Na zauna a tabarmar da ban taɓa zama a kai ba. Na gane abin da take so, kuma na san in na tausaya mata na cuce ta. Na yi shekaru ina zama ɗan da ke nema, ban taɓa zama wanda aka bari ba. Na cire tawul ɗin na ajiye, na harɗe ƙafa, na tattaro duk abin da na sani game da maza masu fushin da ba sa ɗaga murya. Daga waje muka ji sallamarta, siririya. Na bari ta maimaita kafin na amsa.

Ta shigo ta tsaya. Ban ce ta zauna ba.

“Wa ake nema?”

“Ɗana nake nema.”

“Gidan nan ba mai uwa. Kaka ce ta yi reno, ta kuwa rasu.”

Hajiya, da matashinta har yanzu a ciki, ta ce, “Haram alaiki, ya binti, ya isa.” Gwaggo ta ɗaga mata hannu ba tare da ta waiga ba.

Na ce, “An ce mini bayan Hajji za ki dawo. Hajji nawa aka yi?”

“Ban ƙirga ba.”

“Ni na ƙirga. Duk shekara ina zuwa bakin hanya in ga motar alhazai. Kowa uwarsa ta sauko, ni a miƙo mini dabino. Da aka yi mini kaciya wa ya zauna kusa da ni? Da na yi aure wa aka kai wa amarya ta gaisar? Me ya sa?”

A bayanmu 'yan ƙwallo suna ta kai da kawowa ba sauti. Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙasa, har na fara tunanin na wuce gona da iri. Sai ta ɗago.

“Shekarar farko ba ni da abin mota, wannan gaskiya ne. Ta biyu ina da shi, amma na ji kunyar in koma ba miji, ba abin hannu, in tsaya gaban uwar babanka. Na ce bari in ƙara tarawa. Daga nan sai kunyar daɗewa ta hau kan waccan. Kowace shekara komawar ta fi ta bara nauyi. Ba wanda ya ɗaure ni. Ba ni da hujja, ban kuma zo da ita ba. Ban taɓa kwana ban yi maka addu'a ba, amma na san addu'a ba ta goya yaro. Na zo ka gan ni ne. In za ka kore ni, ka kore ni ina tsaye a gabanka.”

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawon haka ba. Daga can baya, wata mai aikin wanki ta ce a hankali, “Uwarka ce.” Wata ta maimaita, sai ga shi ya zaga ɗakin ƙasa-ƙasa, ba mai dariya. Na miƙe na durƙusa a gabanta, na buɗe baki zan faɗi kalmata. Ta sa tafin hannu ta rufe mini baki.

“A'a. Wannan bar masa.”

Ranar ba a kifa bokiti ba.

Gwaggo ta ce za ta bi afuwar nan ta koma gida. Ni na ɗinka mata rigar tafiya, shuɗiya, da aljihu a ciki. Nas ɗin ta aika wa ƙaninta a Kano ya kai saƙo ƙauyen cewa Gwaggo tana hanya, ta kuma rubuta mata lambar wayar gidan Hajiya a jikin tsumma, na ɗinke shi cikin aljihun. Muka raka ta har inda ake taruwa a jira motocin tarhil, masu kwasar waɗanda za a mayar gida. Ta bar mini tiren. Na tambaye ta ko tana jin tsoro, ta ce sosai, ta gyara ɗaurin jakarta.

Watanni suka wuce ba labari. Ba mu daina taruwa ba. Hajiya ta karɓi matsayin uwa a kan na mai bulo, sai ta cire matashi ta zauna a tabarma, kuma Allah ya sani ba ta iya ba. Tun kafin in nemi ruwa take fara kururuwa da Faransancinta na Damagaram tana “bon, ɗana, ɗana,” ta rungume ni har kwalli ya goge a kafaɗarta. Na yi ta gaya mata na'am kawai ake cewa. Ina yin aikina dai, amma kullum in na sa yatsa a kofin nan sai in tuna ƙofar wani gida a ƙasar da ban taɓa gani ba, ina tunanin a buɗe take ko a rufe. Ni na zaɓi kalmomin ranar nan, kuma ina tsoron kada nasa su fi nawa zafi.

Wata Alhamis, direba yana gab da tsayar da bas, wayar Hajiya ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta miƙo mini. Layin yana ta shuu, amma na gane muryar. Ta ce ta shigo birni ne takanas wurin masu wayar haya, kuma ta zaɓi ranar don ta san inda muke.

Na ce, “Gwaggo, ya tambaye ki?”

“Bai tambaya ba. Bai iya ba, 'yar nan. Mutum da furfura a gemu, ya fito ya tsaya yana kallona. Ya karɓi jakata, ya ajiye, ya sake ɗauka. Ni na zaunar da shi na faɗa masa duka, yadda muka yi, ban tsallake ko ɗaya ba.”

“Sai ya ce me?”

“Ya ce tuwo na hucewa.”

Mata sun zagaye ni, kowa na miƙo kunne. Na juya musu baya na tambayi abin da ke cina. “Ya faɗi kalmar?”

Ta ce, “Ya daɗe yana ce mini Hajiya. Hajiya ga ruwa, Hajiya an kwana lafiya. Na ce ba komai, ko wannan na gode Allah. Sai shekaranjiya da safe, zai tafi gona, yana daga zaure, ko juyowa bai yi ba, ya ce, ‘Inna, na fita.’ Ba durƙuso, ba kallon kofi, ba komai. Ke kin fi shi iyawa nesa ba kusa ba.”

Na ce ai dama na sani.

“Ga shi nan, shi ya kawo ni. Ku gaisa.”

Na ji ana miƙa waya, sai numfashin namiji. Ya yi sallama, muryarsa ba ta kai tawa ta direba kauri ba. Muka gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi iyali. Sannan ya ce, “An ce ke kika riƙe mini wuri.”

Na ce masa, da muryata ta gaske, “Wurinka ne. Ajiya aka ba ni.”

Ya ce, “Na karɓa. Allah ya saka.” Layin ya yanke.

Da na juyo, kwalli ya gangaro mini har haɓa. Na goge da tawul na ba su labari, suka sa na maimaita, aka yi guɗa, wasu ma sun manta da matashi. Kafin mu natsu kaset ya riga ya wuce bukka, ƙwallo ta fito. Hajiya ta jawo kofi ta nufi tabarma. Na ce ta bari, yau an riga an yi. Na ƙara sauti, na zauna a ƙasa cikin mata, na jawo fisfis. Muka kalli wasan mijin Hajiya har aka tashi, kuma ashe wasan ya yi kyau.